Muryar da ke Riga Malam Magana

Kaset na huɗu nake rubutawa, bayan azahar, a ƙuryar shagon Yaya, lokacin da na ji wani ya riga Malam magana. Malam ya yi shiru kamar yadda ya saba idan zai shiga sabon babi, har ina jin numfashinsa. Sai wata murya can ƙasa-ƙasa, kamar daga bayan ƙeyata, ta ce, "To, jama'a." Kafin in ɗaga biro daga takarda, Malam ya ce da ƙarfi, "To, jama'a."

Na waiga. Babu kowa sai tulin matattun rediyoyi da wata fanka marar kai. Yaya yana waje yana musu da wani mai keke a kan siyasa. Na mayar da kaset baya na sake saurara. Muryar ta faɗa, Malam ya bi ta. Sau biyar na mayar, sau biyar tana riga shi, da kalmominsa, da irin jan harshensa, sai dai ita ba ta da jiki, kamar inuwar magana.

Bari in faɗi yadda aka yi na shiga wannan aiki. Na gama aji biyar na sakandare, sakamako ya fito da kyau, ina zaune gida a Bodinga ina jiran kiran kwalejin malamai ta Sakkwato. Shekarar ce gwamnati ta ce a tsuke bakin aljihu, komai ya tsaya. Sabulu ya zama abin ɓoyo, madarar gwangwani sai mai hanya, batir kuwa idan ya mutu ba a jefar da shi, a rana muke shanya shi kamar kuɓewa ko ya ƙara kwana biyu. Malamin makarantar unguwarmu yana da karatun azumin shekara biyu da Yaya ya ɗaukar masa a kaset, yana so a juya shi da boko saboda ajin matan aure. Aka ce ga 'yar boko nan zaune ba ta komai. Na karɓa da murna, don na gaji da tsintar tsakuwa a shinkafa.

Yayana mai gyaran rediyo ne, kuma shi ke ba da hayar lasifika idan ana suna ko wa'azi. Abin da ya fi so a duniya, bayan Inna, shi ne wani hedifon, abin sauraro da ake ɗorawa a kunne, da ya samu wurin wani Bature mai haƙar rijiyoyin burtsatse, wanda aikinsu ya tsaya ya kwashe kayansa zai koma gida. Yaya ya gyara masa firji, shi kuma ya bar masa wannan. A gidanmu kunnuwan Bature muke kiransu. Faifai biyu ne shafaffu, kowanne kamar murfin kwanon sha, da nauyi kamar me.

Ya taɓa kwance ɓari ɗaya ya nuna mini, yana riƙe numfashi kamar mai ɗaukar jinjiri. Ba su da mazurarin takarda irin na cikin rediyo. Wani tantani ne siriri kamar ɓawon albasa, an zana masa waya zagaye-zagaye, an sa shi tsakanin faranti biyu na maganaɗisu masu huji kamar rariya. Ya ce a lasifika ta yau da kullum daga tsakiya ake tura takardar, gefe ya biyo a makare, shi ya sa sauti ke dagulewa. Wannan kuwa tantanin gaba ɗaya yake motsi lokaci guda. Ban gane duka ba, amma kunnena ya gane. Idan aka sa kiɗa, ganga ba ta cika maka kai da rugugi, bugawa take ta tsaya cak, ka ji hannun ka ji fatar. A karatun Malam ina jin buɗewar leɓensa, da juya takarda, da haɗiyar yawu, da wata akuya da ta kwana biyu tana neman ɗanta a azumin bara. Mutumin da ke tari a sahun baya ma na san ta hagu yake zaune.

Matsalarsu ɗaya, ci. Idan aka soka su a ƙaramar rikoda, sai ka ji mutum kamar daga ƙasan rijiya yake magana, siriri, babu ƙarfi. Yaya ya ce san noma ne, ba a ba shi tafin dusa a ce ya ja garma. Don haka da babbar amfilifayar haya, mai ƙara wa sauti ƙarfi, yake haɗa su, wadda ke cin batirin mota, ta wurin da ake ɗaura wayar lasifika. Don kada ƙarfin ya fasa su ko ya fasa mai saurare, ya jera wasu 'yan abubuwa masu zanen launi da yake kira razista a cikin gwangwanin kifi, waya ta shiga ta nan ta fita ta can. Dokokinsa biyu ne. A mayar da ƙarar ƙasa kafin a sa a kunne, kuma duk wanda ya taɓa gwangwanin kifi ya nemi wani yayan.

To da wannan haɗin nake aiki, kuma da shi na ji abin da na ji.

Wata yarinya da ta ji haka da ta kira yayanta ta ce zo ka ji abin mamaki. Ni ban iya ba, saboda Gwaggo. Ƙanwar mahaifinmu ce, a Horo Birni take aure, kuma duk danginmu babu mai ban dariya kamarta. Ina shekara tara ta fara cewa akwai mai raɗa mata abin da mutane za su faɗa kafin su faɗa. Da farko da dariya take ba da labarin, a bakin rijiya, mata suna tafawa. Kafin shekara ta zagayo tana wani ɗaki a bayan gidan wani mai magani, da mari a ƙafa. Sau ɗaya aka kai mu. Ta gane ni, ta tambaye ni ko har yanzu ina tsoron kaza mai 'ya'ya. Har yau tana can. Kuma tun ina ƙarama duk baƙuwar da ta shigo gidanmu sai ta ce fuskar Gwaggo na ɗauko, har dariyar.

Don haka na yi shiru, na shiga bincike ni kaɗai kamar ɗan sandan ciki. Na sa kaset ɗin kiɗa, babu komai. Na sa na wani suna da Yaya ya ɗauka satin da ya wuce, babu komai. Na koma kan na Malam, na farko da na biyu da na uku waɗanda na riga na rubuta, sai ga ta a ko'ina, duk inda ya yi dogon shiru zai ɗaga murya. Ashe tana nan tun farko, ni ce ban lura ba. Na ce a raina, wace irin murya ce ba ta bin kiɗa sai karatun addini? Amsar da na ba kaina ba ta da daɗi.

Kwana uku abinci ya ƙi shiga. Abin ya fara bi na har cikin gida. Idan Inna ta yi shiru a tsakiyar magana, sai in kasa kunne ina jiran a riga ta. Sau biyu na rantse na ji. Na shiga karanta duk addu'ar da na sani a zuci, ban san leɓena yana motsi ba.

Ranar Alhamis aka zo aka ɗauki amfilifaya. Lokacin zaɓe ne, taro ko'ina, kuma tsohon maigidan Yaya da ke Shagari, wanda ya koya masa aiki, ya aiko a ara masa ita ya haɗa da tasa. Ranar Asabar na yi ƙarfin hali na ce wa Yaya ya saurara mini wani wuri, kamar kaset ɗin ya lalace. Ya soka kunnuwan Bature a ƙaramar rikoda mai batirin da ya sha rana, ya karkace kai kamar likita, ya saurara har sau biyu.

"Malam shina ce miki ki riƙa wanke dugadugai da kyau in kina alwala," in ji shi. "Mi kuma kika so shi hwaɗi, 'yar boko?"

Na karɓa na sa. Muryar Malam ce kawai, siririya, da shuuu na kaset. Ɗayar ba ta nan. Ya kamata in ji sanyi, amma sai tsorona ya ƙaru, don na tuna ta Gwaggo ma ba ta zuwa idan akwai mutane suna saurare.

Inna ba ta tambaye ni komai ba. Sai dai na ga hayaƙin tazargade a ɗakina da magariba, da safe kuma ga rubutu a ƙoƙo a ce in shanye. Na sha. Ran Litinin ina wanke-wanke a bayan rumbu, ba su san ina nan ba, na ji tana gaya wa Yaya cewa ta ga ina magana ni kaɗai, kuma idan ana yi mini magana ido nake zurawa kamar ina sauraren wani. Ta ce haka waccan ta fara. Ta ce idan aka kai Juma'a ban sake ba, sai a aika wa Baffanmu ya zo a san inda za a kai ni tun abin bai yi nisa ba. Ba mugunta ba ce, ita ma tsoron ne.

Na bar kwanonin da kumfa na bi Yaya shago. Na gaya masa abin da nake ji a kaset, a tsaye, ina kallon ƙasa. Na zaci zai yi dariya ko ya yi salati. Bai yi ko ɗaya ba. Ya ajiye ƙarfen da yake narka dalma da shi, ya daɗe yana kallon kantar da akwatin kaset ɗin Malam yake, can sama dab da kwanon rufi. Sannan ya yi mini tambayar da ban taɓa yi wa kaina ba.

"Ranar da kinka ji, da mi kinka ji? Da babba ko da ƙarama?"

Na ce da babba.

"Ranar da ni na saurara hwa?"

Na ce da ƙarama.

"Ɗauko mayahinki."

Ya gaya wa Inna zai kai ni in gaida matar maigidansa. Muka hau babur, kaset a jakata, kunnuwan Bature naɗe a zani a cinyata, gwangwanin kifi a aljihunsa. Damina ta zauna, gero ya yi kore shar hagu da dama, duk kukar da ke bakin hanya an manna mata fuskar ɗan takara. Motocin jam'iyya suna wuce mu cike da mutane da tuta. Duk ɗan gangaren da muka samu sai Yaya ya kashe inji don tattalin mai, mu silale shiru, ni kuma a cikin shirun nan nake ƙanƙame ƙarfen baya ina roƙon Allah kada in ji komai. Shi kuwa labari yake ba ni na yadda wani ɗan siyasa ya hura makirfo da ƙarfi har haƙorinsa na roba ya faɗo. Na san don ni yake yi. Na yi dariya kaɗan don kada ƙoƙarinsa ya tafi a banza.

Mun iske Shagari ranar kasuwa. Shagon tsohon yana ƙarshen layin teloli, kekunan ɗinki suna ta sukuwa. Dattijo ne dogo mai farin gemu, da can shi ke yawo da motar majigi ƙauye-ƙauye. Injiniya yake kiran Yaya, amma da irin muryar da ke nuna bai yarda ba. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa da tsawo, ya tambayi Inna da mutanen Bodinga ɗaya bayan ɗaya. Yaya ya ja shi gefe ya yi masa bayani. Ban ji ba, amma na ga ya dube ni sau ɗaya, kallo marar tsoro, wanda na kwana bakwai ban samu ba.

Aka haɗa amfilifaya da batir, aka ɗaura gwangwanin kifi, tsohon ya ɗaga shi ya juya ya ce wannan aikin ko kifin da ke ciki ba zai yarda da shi ba. Na nemo wurin a kaset. Na fara sawa. Tana nan, sarai, ta ce to jama'a. Na miƙa wa Yaya.

Ya saurara, ya runtse ido, ya ƙara ƙara kaɗan. Ya ce kamar akwai wani abu, sai kuma ya ce a'a, bai sani ba. Shekara goma yana tsayawa ƙarƙashin ƙahon lasifika, kunnensa ya riga ya sha wuya. Tsohon ma ya sa, ya cire, ya ce nasa kunnuwan tare suka yi ritaya da motar majigi. Ga babba, ga kaset, ga mutum biyu, kuma ni kaɗai ke ji. Na nemi benci na zauna. A nan na fara tunanin wane zani zan ɗauka idan za a kai ni.

Tsohon bai damu ba. Ya tambaye ni muryar ta wane ce, na ce irin ta Malam ce. Ya tambaya ko tana faɗin wani abu da Malam bai faɗa ba, na ce a'a. Ko ta taɓa kiran sunana, a'a. Tsakaninta da shi kamar yaya, na ce kamar ƙiftawar ido biyu. Ya tambayi Yaya inda ake ajiye kaset ɗin, da aka gaya masa sai ya ce, ashe gasa su kake yi. Sannan ya ce kada wanda ya ƙara cewa komai, ya leƙa waje ya yafito wata Bafillata mai nono da ke kawo masa fura kullum.

Sai da aka sha fama. Ta ce ba za a ɗaura mata ƙarfen Nasara a kai ba, zai ɓata mata kitso, kuma wa ya sani ko yana tsotse hankali. Tsohon ya ce in ya tsotse zai biya ta da na Injiniya, ta ce wannan ba ta so ko kyauta. Da ƙyar ta sauke ƙwarya, ta gyara 'yan kunnenta masu nauyi, ni na ɗora mata. Ba a gaya mata abin da za ta nema ba. Aka kunna. Idonta ya buɗe, ta waiga baya tana neman mai maganar, telolin da suka taru a ƙofa suka kwashe da dariya. Ta saurara. Tsohon ya mayar, ta sake saurara. Sai ta yi magana da ƙarfi, yadda mai abu a kunne ke yi.

"Mutum biyu na. Ƙaramin shi ka hwarawa, babban shi biyo. Ga akuya kuma, ba ta da lahiya."

Ban san na miƙe ba. Na riƙe hannunta na ce ta sake faɗa. Ta dube ni kamar ni ce abin kallon, ta ce ai ga shi nan, ko kurma ya ji, wani yana raɗa wa malamin karatu.

Tsohon ya kori telolin, ya cire kaset ɗin, ya zaro zaren kaɗan da bakin biro ya nuna mini. Ya ce maganar ba a cikin roba take ba, a jikin wannan jan ƙasa-ƙasan da aka shafa wa zaren take, kuma ita ma maganaɗisu ce. Zaren kuwa naɗe yake, wani kan wani, a matse. Idan ya daɗe a haka, ya sha zafin bazara ƙarƙashin kwano, sai kalma mai ƙarfi ta bar shaidarta a jikin zaren da ke manne da ita, kamar yadda turkuɗi ke yi wa farar riga idan aka haɗa su akwati ɗaya. Wannan ɓangaren da ya kwashi shaidar shi ke fara wucewa, shi ya sa ake jin inuwar kafin mai ita, kuma sai inda aka yi shiru take fitowa. Ya ce zamanin majigi sun sha fama da haka a manyan faifan zare. Ƙahon lasifika ba ya nuna ta don shi ihu ya iya, ƙaramar rikoda ba ta da ƙarfin ɗago ta. Sai an haɗa irin waɗannan kunnuwa da amfilifaya mai ƙarfi, sannan a samu kunnen da bai lalace ba.

Ya mayar da kaset ɗin, ya tura shi ƙarshe da gudu, ya dawo da shi farko, har sau uku. Ya ce in sa. Tana nan, amma ta yi nisa, sai na matsa faifan a kunne sannan na tsinto ta.

"Ke taɓa jin iskan da ka ja da baya don an juya kaset?" in ji shi.

Na yi dariya, dariyar ta juye ta zama kuka, mai nono ta dafa ni tana cewa wani abu da Fillanci. Da na samu numfashi na gaya masa sauran abin da ban gaya wa ko Yaya ba, cewa sau biyu na ji a gida, babu kaset babu komai, a bakin Inna. Ya daina murmushi. Ya tambaya kafin in tsorata ne ko bayan na tsorata. Na ce bayan. Ya tambaya yaushe rabona da cin abinci in ƙoshi, da barci in kai safe. Na ƙirga masa. Ya sa mai nono ta dama mini fura, ya tsaya a kaina sai da na sha rabi.

Ana kiran la'asar a masallacin kasuwa ya jawo kujera ya zauna daidai da ni.

"Ɗiyata, saurara da kyau. Wanda ya kwana bakwai bai ci ba bai yi barci ba shina jiran murya, dole shi ji ta. Wanga tsoro na da yunwa. Abin da kinka ji cikin kaset kuwa shina nan, ga shaida ta ji. Lahiyakki lau. Babu inda za a kai ki."

Na ce, "Baba, Inna ba za ta yarda da bakina ba."

Ya ce ai ba bakina za ta ji ba. Ya dubi Yaya ya ce gobe da hantsi ya dawo ya ɗauke shi, da amfilifayar da komai, taron 'yan siyasa ya jira. Da kansa zai je Bodinga ya ɗora wa Inna a kunne.

Wata biyu ke nan yanzu, ba a kai ni ko'ina ba, amma ban manta da bencin nan ba. Ranar, ina zaune a kansa, na roƙi tsohon ya sake faɗin abin da ya faɗa. Bai yi mini dariya ba. Ya sake faɗa a hankali, kalma bayan kalma, sannan ya tashi ya ɗauki buta.